Gwiwar Huseina

Sallama gare ku, 'yan uwa masu bin labarina. Na ga saƙonninku, da masu yi mini addu'a da masu tambayar ko an sa rana. Ku yi haƙuri da shirun da na yi. Duk sanda na ɗauki waya zan rubuta sai in ajiye, don abin da ya faru ba mai daɗin maimaitawa ba ne. Amma na ce ba zan ɓoye muku komai ba, to ga shi.

Ga wanda yau ya fara shigowa, sunana Tahira. 'Yar manomi ce ni, daga wani ƙauye a gefen Bici, inda in ka leƙa ta katangarmu gero ne da dawa har inda idonka ya tsaya. Na karanta likitancin dabbobi, yanzu ina digiri na biyu. Ƙannena mata duk sun yi aure, ɗaya har da goyo. Ni ce babba, ni ce kuma har yau nake ɗakin Inna. In an haɗu a gidan biki dangi ba sa kirana da sunana, sai dai ki ji an ce, "Ina likitar karnukan?" A kwashe da dariya, Inna ta sunkuyar da kai tana gyara ɗaurin ɗankwalin da bai kwance ba.

Ba ƙarya suka yi mini ba. Binciken da nake yi a kan ciwon dajin ƙashi ne a jikin karnuka. Manyan karnukan gadin nan da masu hali ke ajiyewa a birni, su ya fi kamawa. A kawo kare asibitin dabbobi yana ɗingishi, ƙafa ta kumbura ta yi tauri, a ɗauki hoton ƙashin, a ga ya cinye kamar azarar da gara ta shiga. Ni aikina in karɓi ɗan abin da aka yanko in wuce da shi ɗakin gwaji.

Duk wanda ya zo neman aurena, da ya ji haka sai ƙafarsa ta ɗauke. Uwaisu ne kaɗai bai gudu ba. Malamin sakandare ne, da yamma kuma yana taya mahaifinsa Malam Yahya koyarwa a makarantar haddarsu, can ta wajen Tofa. Dogo ne, mai sanyin magana, kullum hularsa a karye gefe guda. Ranar da ya fara tambayata aikina muna zaune a benci ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gidanmu bayan la'asar.

"Likita, wai me kike nema a ƙashin kare?"

"Da gaske kake son ji, ko hira kake nema?"

"Ina son ji."

Na gyara zama. Na ce masa jikin kowace halitta ƙananan ƙwayoyi ne, kowace ƙwaya kuma tana ɗauke da rubutun halittarta. A cikin rubutun akwai wuraren da aikinsu shi ne su ce wa ƙwaya, ya isa haka, daina hayayyafa. To a ciwon nan, wani lokacin rubutun na nan lafiya lau, ba a goge ko harafi ba, sai dai wani abu ya hau kansa ya rufe shi, jiki ya kasa karantawa. Sai ƙashi ya yi ta tsiro ba mai tsawatar masa. Ni ina neman sanin waɗanne wurare ne aka rufe, don in an san su, wataƙila a sami maganin da zai buɗe su.

Ya ce, "Kamar allon da aka kifa ke nan. Karatun na nan, ba a dai ganinsa."

Wallahi a nan na fara sonsa.

"To amma me ya sa sai kare?"

"Saboda yara ma suna yin ciwon, musamman masu tasowa, 'yan shekara goma sha. Kuma na kare da na yaro sun yi kama ƙwarai. Abin da aka gano a ɗaya yana iya taimakon ɗayan."

Ya gyaɗa kai, ya ce Allah ya sa albarka. Sai da ya miƙe zai hau babur ya sosa ƙeya ya ce, "Af, a gida na ce musu likitar dabbobi ce ke. Shanu da tumaki suka ɗauka, ni kuma ban gyara musu ba. Kin san gidanmu. A bari a ɗaura tukuna, a hankali za su sani."

Na ce to. Ban ga laifinsa ba a lokacin, har yanzu ma ban gani sosai ba.

Da magana ta yi nisa aka ce matan gidansu za su zo su ga gida su gan ni kafin maza su zo sa rana. Inna ta kusa tashi sama. Aka share tsakar gida har bayan rumbu, aka mayar da awaki turken maƙwabta, aka aro sabuwar darduma. Tun safe ake suyar waina, ga miyar taushe, ga dambun nama, ga kunun aya a cikin ƙanƙarar da aka sayo daga Bici. Ni kuwa aka zana mini baƙin lalle har ƙauri, na sa leshi ruwan zuma mai ƙananan duwatsu, mayafi ruwan madara, aka turara ni har sai da na yi tari.

Inna ta ja ni bayan ƙyaure tana magana ƙasa-ƙasa.

"Tahira, ki dubi girman Allah ki kama bakinki. Ki gaishe su, ki sunkuyar da kai, ki fito. Kalmar nan kar ta fito daga bakinki yau."

"Wace kalma, Inna?"

"Kin fi ni sani."

Wayata ta yi ƙara. Uwaisu ne.

"Sun taso. Gwaggo Hure ce a gaba. Tana da faɗa amma zuciyarta fara ce. Huseina ma ta nace sai ta zo ta ga antinta."

Na rubuta, "Gabana faɗuwa yake."

"Ki yi murmushin nan kawai, an gama."

Huseina ƙanwarsa ce, autarsu, budurwa 'yar sha biyar. Mun saba a waya, takan karɓi wayar yayanta ta ce, "Anti, yaushe za ki zo mu gan ki?" Gwaggo Hure kuwa ƙanwar mahaifinsu ce. Allah bai ba ta haihuwa ba, sai aka ba ta Huseina tun daga yaye. Ita ta goya ta, ita ta kai ta makaranta, yanzu yarinyar ta kusa haɗa hadda. Na san an ce ta yi targaɗe a gwiwa, ana kai ta wajen mai ɗori. Ban sa abin a raina ba.

Na shiga ɗakin Inna na durƙusa na gaishe su. Gwaggo Hure farar dattijuwa ce siririya, da carbi a hannu da farin gilashi. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Masha Allah. Ɗago mu ga fuskar mana." Aka yi dariya. A gefenta na ga wata siririyar yarinya da hijabi ruwan toka, ta miƙe ƙafa ɗaya a kan darduma, sauran mata kuwa duk sun tanƙwashe nasu. Ta yi mini murmushi ta ɗaga hannu a ɓoye.

Na koma ɗakin ƙannena na zauna a bakin katifa, ina ajiyar zuciya. An wuce wurin, na ce a raina. Ba a jima ba aka ɗaga labule, sai ga Huseina tana dafa bango, tana jan ƙafar dama.

"Anti, na gudo wajenki. Hirar tsofaffi ta ishe ni."

"Zo ki zauna. Har yanzu ƙafar?"

"Har yanzu. Tun kafin azumi fa. Ɗan zamewa kawai na yi a bakin rijiya."

"Mu gani."

Da ma ban ce mu gani ba? A'a, wannan ba na nadamarsa. Abin da ya biyo baya nake nadama.

Ta ɗage zanenta. Saman gwiwar ya kumbura ta gefe guda, fatar ta yi sheƙi, jijiyoyi sun fito raɗa-raɗa. Ga tabon tsaga a jere, ga sauran baƙin magani da aka shafa. Na sa hannu. Da zafi, kuma da tauri, ba taurin ruwa ko na nama ba, taurin ƙashi. Yatsuna sun san wannan taurin.

"Yana tashinki daga barci?"

Ta zaro ido. "Ya aka yi kika sani? Da rana da sauƙi. Ba na dai faɗa wa Gwaggo, kar ta damu."

"Kin rame ne, ko haka kike?"

"Duk siket ɗina sun yi mini yawa."

"An taɓa kai ki asibiti an yi hoto?"

"A'a. Mai ɗori ya ce jijiya ce ta hau kan jijiya. Yana ja yana murzawa. Anti, ranar da zai zo ba na iya cin abinci."

Ina riƙe da gwiwar Gwaggo Hure ta ɗaga labule.

"Huseina, taso mu... Au, duba ta kike yi, 'yata?"

'Yan uwa, da na sani da na miƙe na ce, Gwaggo, don Allah a kai ta asibiti a yi hoto, hankalina bai kwanta ba. Shi ke nan. Da ta ji, don mace ce mai hankali. Amma tsoro ya riga ya kama ni, na manta a inda nake, na manta leshin da ke jikina, na yi magana kamar ina gaban malamina a ɗakin gwaji.

"Gwaggo, wannan ba targaɗe ba ne. A daina murza shi. Irin kumburin nan nake gani kullum a ƙafar karnuka, ciwon daji ne na ƙashi, in ba a yi sauri ba..."

"A ƙafar me?"

Na ji maganar tana dawo mini a kunne.

"Gwaggo, nufina..."

"A ƙafar me kika ce?" Ta cire gilashinta. "Yarinyar da ke ɗauke da Alƙur'ani a ƙirjinta? Ita kika haɗa da kare? Kuma kika yi mata fatan ciwon da ba a tashi?"

"Wallahi ba haka..."

"Da hannun da kike taɓa karnukan kika taɓa ta? Ashe abin da kike yi ke nan? Huseina, rufe ƙafarki. Tashi!"

Matan suka fito tsakar gida, kowa na tambayar lafiya. Inna ta biyo su ba ko takalmi, tana, "Hajiya, ku tsaya, don Allah ku tsaya, yarinta ce." Ba wadda ta waiwayo. Suka bar waina a faranti, ko rabi ba a ci ba. Abin da na gani na ƙarshe shi ne Huseina ana tura ta cikin adaidaita, tana waigen ƙofarmu.

Inna ba ta zage ni ba. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Ta zauna a kan turmi ta zuba tagumi, can ta ce, "Abu ɗaya na roƙe ki." Ta tashi ta shige ɗaki. Baba da ya dawo daga gona aka faɗa masa, ya jingine fartanyarsa ya dube ni ya ce, "Abin da kika gani, kin tabbata?" Na ce ban tabbata ba sai an yi hoto, amma ina jin tsoro. Ya ce, "To Allah ya kyauta," bai ƙara ba.

Uwaisu bai kira ba sai washegari.

"Tahira, me kika yi haka?"

"Malam, ka bar maganata tukuna. Ka kai Huseina asibiti."

"Gwaggo tun jiya take kuka. Baba ya ce a dakata da komai. An ce na yaudare su."

"Na ji, na yi kuskuren lafazi. Amma kai ka san abin da nake nufi. Ni na yi maka bayani a ƙofar gidanmu."



"Na sani. Tun da aka faɗa mini jikina ya mutu. Amma yanzu ko sunan asibiti na ambata, cewa za a yi ke kika turo ni. Ki zo ki ba Gwaggo haƙuri. In ta huce, ni zan san yadda zan yi."

Kwanakin da suka biyo baya gidanmu ya zama kamar gidan makoki. Dangi suna ta sintiri, kowa da nasa. Wata ta ce boko ne ya ci mini kai. Wata ta ce daman wa zai auri mai wasa da najasa. Inna ta daina fita ko maƙwabta. Rannan na same ta tana ninke atamfofin da ta daɗe tana tara mini, tana mayar da su ƙasan akwati, ba ta san ina tsaye ba. Na ce, "Inna, zan je."

Ƙanwarta Iya Aina'u ce ta raka ni. Na sa doguwar riga baƙa da hijabi har ƙasa, ba hoda ba turare. A cikin mota ina ta bitar abin da zan faɗa. Zan ce, Gwaggo, ki yafe mini kalmar da na yi, amma don Allah a yi hoton nan. Na maimaita shi har ya zauna mini.

Gidan Gwaggo Hure na jikin makarantar, ana jin karatun yara ta katanga. Ta bar mu a tsaye ɗan lokaci kafin ta ce mu shigo. Ɗaki ne tsaf, gadon ƙarfe, jerin kwanuka a kabad, ƙanshin turaren wuta. Akwai ƙuryar ɗaki da labule shuɗi, na kuma ga takalman Huseina a bakin ƙofar.

Na durƙusa. Iya Aina'u ta yi dogon bayani, yarinta ce, sharrin Shaiɗan ne, a dubi zumunci. Na ce, "Gwaggo, ki yafe mini. Kalmar da na yi ba ta dace ba. Amma..."

Iya Aina'u ta mintsine ni a cinya.

Gwaggo ta ce, "Tsaya. Ke likitar mutane ce?"

"A'a, Gwaggo."

"Kin taɓa duba ɗan adam?"

"A'a."

"To kin ga ashe kina iya yin kuskure."

"Ina iyawa."

Sai ta matso. Na ɗago na dube ta, abin da na gani ya karya ni. Na zo da shirin fuskantar faɗa, sai na tarar ba faɗa a idonta. Idanun sun faɗa, sun yi ja, kamar ta kwana biyu ba ta runtsa ba. Muryarta ta yi ƙasa.

"Tun ranar nan ban ƙara cin abinci na ji daɗinsa ba. Ita kaɗai gare ni, Tahira. Ki faɗa mini da bakinki. Targaɗe ne, ko?"

Iya Aina'u na kallona. Na tuna Inna da akwatinta. Na tuna Uwaisu. Ga tsohuwa a gabana tana roƙona kalma ɗaya kamar mai roƙon ruwa. Har yau ban san wanne ne ya fi rinjayata ba, tausayinta ko son kaina. Na fi so in ce tausayi ne. Ban tabbata ba.

Na ce, "Mai yiwuwa targaɗe ne, Gwaggo."

Ta saki ajiyar zuciya mai ƙarfi, ta ɗaga hannu sama. "Alhamdulillahi. Alhamdulillahi. Tashi, 'yata, na yafe miki duniya da lahira." Ta kamo ni ta rungume, ta buɗe kabad ta ba ni kwalbar humra da turmin atamfa. Ta ce maganar aikin nan kuma a bar ta, in an yi aure a san abin yi. Muna fitowa na ga labulen shuɗin nan ya motsa.

A gida Inna ta rangaɗa guɗa har maƙwabta suka shigo. Aka dawo da atamfofi saman akwati. Aka aiko cewa maza za su zo sa rana. Uwaisu ya turo mini saƙo da alamar zuciya.

"Na gode, Likita. Kin fitar da ni kunya."

Na rubuta, "Saura alkawarinka. Yaushe za ka kai ta?"

"A ɗan ƙara haƙuri. Yanzu hankalin kowa ya kwanta. Mai ɗori ya ce saura zagaye ɗaya."

"Malam, ƙashin nan ya yi rauni. Duk murzar da ake yi ƙara masa ake. Kuma ciwon ba ya zama wuri ɗaya."

"Amma ke da bakinki kika ce wa Gwaggo mai yiwuwa targaɗe ne."

Na mayar masa da amsa.

"Ka san dalilin da ya sa na faɗa."

"Na sani. To in na ɗauke ta yanzu, an koma farko ke nan. A sa ranar tukuna. Wallahi ana sawa zan kai ta Kano da kaina, ko Gwaggo ta yarda ko ba ta yarda ba."

Na tura masa sunan sashen da zai nema a asibiti da abin da zai ce a yi mata. Ya buɗe, bai amsa ba. Na sake turawa bayan kwana biyu, ya ce in sha Allah. Daga nan ni ma na yi shiru. Na koma makaranta na ci gaba da aikina, ina auna abin da ya rufe rubutun halitta a ƙashin karnukan mutane, ina cika allon kwamfuta da sakamako. Malamina har yabona ya yi, ya ce aikin na tafiya. In na tuna Huseina sai in ce wa kaina, saura kaɗan, ana sa rana za a kai ta. Gero ya yi kai, ya nuna, aka fara girbi, ina ta cewa saura kaɗan.

Ranar sa rana ta zo. Na dawo gida tun jajibiri. Da hantsi motar su Malam Yahya ta tsaya a ƙofar gida, aka shigo da goro da alawa da dabino, maza suka zauna a zaure da Baba da 'yan uwansa. Tsakar gida cike da mata, Inna ta sha sabuwar atamfa kore, bakinta ya ƙi rufuwa. Ni ina ɗaki cikin shadda ruwan hoda, ƙannena na ɗaura mini ɗankwali suna tsokanata.

Wayata ta yi ƙara. Na ɗauka Uwaisu ne. Sai na ga baƙuwar lamba, saƙon murya. Na ce wa ƙannena su ba ni wuri, na kara a kunne.

Muryar Huseina ce, amma can ƙasa, tana yi tana tsayawa kamar mai ɗauke da kaya.

"Anti Tahira... ni ce. Wayar Gwaggo ce. Rannan ina ƙurya, na ji abin da kika ce. Na kuma ji na farkon. Ban san wanne zan ɗauka ba." Na ji tana jan numfashi ta haƙora. "Anti, ni ban ji haushi ba wallahi. Tambaya ɗaya zan yi miki. Karnukan nan da kike dubawa... suna warkewa?"

Na zauna a ƙasa da shaddar da komai.

Me zan ce mata? Yawancinsu ba sa warkewa, don ba a kawo su sai ciwon ya ci ƙarfinsu. Mutum kuwa yana da dama, da yawa suna tashi in an kama abin da wuri. Da wuri. Ni na ga gwiwar nan tun gero bai yi kai ba.

Daga zaure na ji an ce, "To a yi salati." Mata suka yi tsit a tsakar gida, kowa ta kasa kunne, mai guɗa ta gyara tsayuwa ta kama hanci.

Ban tsaya rubuta komai ba, na danna kira. Na riga na yanke, in Huseina ta ɗauka zan ce ta miƙa wa Gwaggo, in faɗi abin da ya kamata in faɗa tun a ɗakinta, in ya so a kwashe goron a mayar.

Ƙara ɗaya aka ɗauka.

"Huseina, ba wa Gwaggo wayar."

"Ni ce."

Muryar Gwaggo Hure ce, ta dishe kamar ba tata ba. A bayanta ina jin wani siririn nishi da ba ya yankewa.

"Ni na ce ta tambaye ki, na kasa da bakina. Bayan fitar su Malam Yahya ta miƙe za ta yi alwala. Ba ta faɗi ba, ba wanda ya taɓa ta. A tsaye take ƙafar ta karye, ina ji da kunnena."

A tsakar gida guɗa ta tashi.

"Tahira, kina jina? Wancan karon ni na sa ki kika ce targaɗe ne. Yau kar ki ji tsorona, kar kuma ki ji tausayina. Faɗa mini abin da hannunki ya taɓa."